Ɗan kunkuru a ɗaki: rami yake bukata, ba yashi ba

Wata baiwar Allah da ke zaune a gidan bene a Kano ce ta aiko da wannan tambaya, haɗe da hoto. An kawo wa ɗanta tsarabar ɗan kunkuru, girmansa bai fi ƙwan kaza ba. Ba su da tsakar gida, sai baranda. Ta sa shi a akwatin gilashi irin na kifi, ta zuba masa yashi domin an ce mata dabbar hamada ce, tana ba shi latas da kankana. Yau kwana goma ke nan, ya rage ci, kuma yawancin lokaci idonsa a rufe. Tana so ta san yadda za ta shirya masa wurin zama a cikin ɗaki.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, kuma kin kyauta da kika yi tambaya tun yanzu. Yawancin waɗanda ake kawo mini sai bayan wata uku ko huɗu, lokacin da ƙoƙon ya riga ya yi laushi kamar kwalin da ruwa ya jiƙa, kuma idan aka kai nan da wuya a ceto su. Naki da sauran dama.

Na duba hoton. Ƙoƙo ruwan ƙasa, ƙafafun gaba masu manyan ɓawo masu kauri: wannan babban kunkurun Sahel ne, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata. Idan kin ɗaga shi kin duba bayan cinyoyinsa za ki ga 'yan ƙayoyi biyu ko uku, su ne tambarinsa. Ɗan gida ne, ana samunsa tun daga Senegal da Muritaniya, ya ratso Mali, Nijar, arewacin Najeriya, Chadi da Sudan, har Habasha. Duk abin da zan faɗa a kansa ne, ban da kififiya ta ruwa da ƙaramin kunkurun nan mai lanƙwasa bayan ƙoƙonsa, domin bukatunsu daban.

Wanda ya ce miki dabbar hamada ce bai yi ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba ki. Kunkurun nan ba ya rayuwa a kan yashi cikin rana. A ƙarƙashin ƙasa yake rayuwa. Babba yakan haƙa rami mai tsawon mita da yawa, ya shige idan rana ta take, ya fito kiwo da sassafe ko da yamma, kuma idan rani ya tsananta yakan yi makonni a ciki bai leƙo ba. A can ƙasa iska tana da laima, zafin ba ya hawa sosai, ba ya kuma sauka sosai. 'Ya'yan kuwa galibi da damina suke ƙyanƙyashewa, lokacin da ƙasa ta jiƙe, ciyawa ta tofo, sai su ɓuya a gindin ciyawa da ƙananan ramuka. Ɗan da ke hannunki nauyinsa bai wuce giram 30 zuwa 50 ba. Jiki ƙarami haka ruwa yake zubarwa da sauri, ta fata da ta numfashi. Kin ɗora shi a kan busasshen yashi a ɗakin da fanka ke kaɗawa, a garin da laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rani. A hankali yake bushewa, kuma rufe idon nan da rage cin abinci alamunsa na farko ke nan.

Bushewar nan tana barin tabo iri biyu. Na ciki shi ne ƙoda da mafitsara: farin abin nan da kunkuru ke fitarwa tare da fitsari, idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki sai ya daskare ya zama tsakuwa a mafitsara. Na waje kuma shi ne ƙoƙon baya ya riƙa tsirowa tudu-tudu kamar an jera dala, maimakon ya tashi sumul. Da can an ɗauka abinci ne kaɗai ke jawo wannan. A shekarar 2003 masu bincike a jami'ar likitancin dabbobi ta Biyana, a ƙasar Ostiriya, suka reni 'ya'yan wannan kunkuru guda 50 na tsawon wata biyar, wasu a busasshen wuri wasu a wuri mai laima, suka gano cewa waɗanda suka tashi a bushe su ne tudun ya fi fito wa, kuma tasirin laima ya fi na abinci. Tudun da ya fito ba ya komawa. Tun ran gini ran zane, shekara biyun farko su ne ke yanke siffar da zai ɗauka har tsufansa.

Saboda haka abin da za ki gina a ɗaki kwaikwayon rami ne da bakin rami: gefe guda duhu, ɗumi da laima, ɗaya gefen haske da zafi kamar hantsi.

Akwatin kifin nan ki ajiye shi. Ya yi ƙanƙanta a samu gefen zafi da gefen sanyi a cikinsa, kuma kunkuru bai san gilashi ba, yini zai yi yana tura hanci yana neman wucewa. Ki sa kafinta ya haɗa miki akwatin katako mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayin bango 40 ko fiye. Idan ɗakin zai ɗauki wanda ya fi haka, ki ƙara, ba a yi wa kunkuru wuri ya yi yawa. A shimfiɗe cikinsa da tamfol ko leda mai kauri har ta hau bango, don kada danshi ya ruɓar da katakon. Babbar robar ajiyar kaya marar nuna ciki ma za ta yi na 'yan watanni. A yi masa murfi wanda zai rufe wajen kashi biyu cikin uku na saman, ragowar, inda fitila za ta zauna, a sa ragar waya. Murfin nan shi ke riƙe laima da ɗumi, ragar kuma ita ke tare ɓera da kyanwa. Ki ɗora akwatin a kan tebur ko benci, domin siminti da tayil suna jan sanyi da dare, kuma ki nisanta shi da fanka, da na'urar sanyaya ɗaki, da tagar da rana ke faɗowa ta cikinta.

Yashin ki zubar yau. Yana shiga ido, yana manne wa abinci ya haɗiye, ya taru ya toshe hanji, ga shi ba ya riƙe ruwa. Haka garin katakon da ake shimfiɗa wa kaji: ƙura ce zalla, wani kuma na itace ne mai ƙamshin da ke cutar da huhu. Abin da na fi so shi ne niƙaƙƙen zaren ɓawon kwakwa, wanda masu sayar da dashe da furanni ke kawowa a dunƙule kamar bulo. A jiƙa shi ya kumbura, a matse, a zuba kaurin santimita 10, a danna da tafin hannu har ya zauna yadda zai taka ba tare da ƙafarsa ta nutse ba. In ba ki samu ba, ki nemi ƙasar lambu mai tsabta wadda ba a zuba wa takin zamani ko maganin feshi ba, ki tankaɗe duwatsu da gilasai. Gwajin danshin mai sauƙi ne: ki damƙa a hannu, ta dunƙule amma ruwa bai ɗiga ba. Idan ta fara bushewa ki zuba ruwa a kusurwoyin akwatin ya ratsa ta ƙasa, saman ya ɗan sha iska.

Yanzu ramin kansa, wanda shi ne zuciyar aikin. Ki samu ƙaramar tukunyar ƙasa ko kasko, a fasa mata ƙofa a gefe daidai yadda zai shiga ya juya, a goge kaifin bakin, ki kifa ta a gefen da ba fitila, ki ɗan binne gindinta. Ƙasar da ke ƙarƙashinta ta fi ta ko'ina danshi. Tukunyar ƙasa ta fi roba a nan, don tana shan ruwa tana sakinsa sannu a hankali, kamar yadda randa ke yi. Laimar da ake nema a cikin wannan ɗaki nasa kashi 80 cikin 100 ne ko kusa da haka. Akwai 'yar na'ura mai batir da ke nuna zafi da laima tare, ba ta da tsada, ki saya ki ajiye a ƙasan akwatin daidai tsayinsa. Kada ki dogara da jin hannu. Na sha ganin mai kiwo ya rantse wurin da ɗumi, a sa ma'auni a ga digiri 21. A 'yan kwanakin farko, duk dare ki ɗauke shi ki sa a cikin tukunyar, zai saba ya riƙa shiga da kansa.

Akwai sharaɗi guda da ba a wasa da shi: laima tare da ɗumi lafiya ce, laima tare da sanyi ciwon huhu ne. Da rana akwatin ya zauna tsakanin digiri 27 da 30, ƙarƙashin fitilar shan ɗumi kuma 35 zuwa 38. Da dare kada ya sauka ƙasa da 25. Fitilar shan ɗumin ƙwai ne mai zafi na wat 40 zuwa 60, irin na da ko na halojin, a rataye a ƙarshen akwatin, a sa fale-falen dutse ko gutsuren tayil mai kaushi a ƙarƙashinsa. Fararen ƙwayayen nan masu tsimin wuta haske kawai suke bayarwa, ba su da amfani a nan. Ki auna zafin a kan dutsen bayan awa guda da kunnawa, in ya wuce ki ɗaga fitilar, in bai kai ba ki sauke ta. Mariƙin ƙwan ya zama na tangaran, a ɗaure shi da waya yadda ba zai faɗo ba, kuma ya yi nesa da leda da katako. Awa 12 a kunne, awa 12 a kashe, domin yana bukatar duhun dare. Don ɗumin dare akwai ƙwan tangaran mai ba da zafi ba haske, ana haɗa shi da na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya kai inda aka saita.

Na san abin da ke ranki: wutar da ba ta tsayawa. A Kano wannan damuwar ta wata uku ce, Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15. Idan aka ɗauke wuta da dare a hunturu, ki cika gorar roba biyu da ruwan zafi, ki naɗe su da tsumma, ki jingina a jikin tukunyar ta waje, ki lulluɓe akwatin da bargo. Kafin ki lulluɓe ki zare filogin fitilun daga soket, don kada a kawo wuta kina barci bargo yana kan ƙwai. Kada ki kusanto da kaskon gawayi ko risho. Hayaƙin da ba a gani yana kashe mutum a rufaffen ɗaki, balle abin da bai kai nauyin ƙwai ba. A irin waɗannan darare ki rage jiƙa ƙasar kaɗan. Da bazara kuwa lamarin juyawa yake yi: daga Maris zuwa Mayu ɗakin sama kan yi zafin da fitila ba ta da wani aiki, sai ki kashe ta, ki buɗe murfin kaɗan, ki ƙara ruwa a ƙasa. Kunkurun da zafi ya yi wa yawa yana kumfa a baki, kuma mintoci kaɗan ne tsakaninsa da mutuwa.

Sai hasken da ke gina ƙashi. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, ana ce masa UVB. Idan ya taɓa fatar kunkuru jiki yana haɗa bitamin D3, shi kuma ke sa hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam daga abinci. In babu shi, ko me aka ci ƙoƙo da ƙashi laushi za su yi. Masu kiwo a Turai da Amurka dole su sayi doguwar fitila ta musamman, irin wadda ake kira T5, mai ƙarfin UVB kashi 10 ko 12, su riƙa sauya ta duk wata shida zuwa shekara, domin ƙarfinta na ƙarewa tun tana haske. In kin samu ta gaske ki sa, bisa nisan da aka rubuta a kwalinta. Amma ni ban ga dalilin da zai sa mutumin Kano ya dogara da ita ba, alhali ranar da aka halicci dabbar nan a ƙarƙashinta tana faɗowa a barandarki kyauta. Ki fitar da shi da hantsi, tsakanin ƙarfe 9 da 11, rabin awa zuwa awa ɗaya, sau uku ko huɗu a mako. Da bazara ki fi sammako. Ki sa shi a faffaɗar roba mai ƙasa a ciki, rabinta a inuwa, da raga a sama saboda shirwa da hankaka, kuma ki zauna a wurin. Inuwa tana tafiya, robar da kika bari rabi a inuwa bayan minti ashirin tana iya zama duka a rana. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta ƙirguwa, gilashi yana tare UVB.

Abin da zai fi saurin dawo da naki hayyacinsa shi ne jiƙo. Kowace safiya ki zuba ruwa mai ɗumi, kamar na wankan jariri, a roba, zurfinsa daidai inda ƙoƙon sama ya haɗu da na ƙasa, kansa a waje. Ki bar shi minti 20 zuwa 30, in ruwan ya huce ki sauya. Zai sha, yawanci kuma a ciki zai yi kashi, wanda ke rage miki aikin share akwati. Ki lura da farin da yake fitarwa: in ya yi laushi kamar kindirmo, lafiya, in ya yi gari-gari kamar tsakuwa, ruwa bai ishe shi ba. A cikin akwatin ma ki binne ɗan faranti marar zurfi, bakinsa daidai da ƙasa, da ruwa a ciki kullum. Mai zurfi ko mai santsi yana iya kifar da shi ya nutse.

Kankana ki daina, haka mangwaro, ayaba da tumatir. Zaƙi yana ɓata masa ciki. Tuwo, shinkafa, dusa da abincin kaji, waɗanda ake zuba wa kunkuru a gidaje da yawa, ba cimarsa ba ne ko da ya ci da marmari. Makiyayi ne kamar tunkiya, ciyawa ce abincinsa. Ki samo ɗanyar ciyawa mai laushi irin kirikiri da harkiya daga inda ba a yi feshi ba, ki yayyanka ƙanana da almakashi, ki gauraya da ganyen rama, yakuwa, zogale ko ganyen kabewa. Latas ba guba ba ce, ruwa ce kawai, ki riƙa sa kaɗan don jan ra'ayinsa yayin da yake sabawa da ciyawar. Alayyafo da kabeji jefi-jefi. Kina iya shuka gero ko alkama a tire a baranda ki riƙa yanko tsiron. Tumfafiya, zaƙami da cini-da-zugu kada su kusance shi. Sau biyu ko uku a mako ki barbaɗa ɗan garin kalsiyam a kan abincin. Ɓawon ƙwai da aka dafa, aka shanya, aka daka lukui yana yin wannan aiki. Ki riƙa zuba abincin a kan tayil don kada ya haɗa da ƙasa.

Wani abu da littattafan waje ba sa ambata, amma a gidajenmu yana kisa: maganin sauro. Fiya-fiya, na feshi, da wanda ake kunnawa yana hayaƙi, duk kada a yi amfani da su a ɗakin da akwatin yake. In dole ne a fesa, a fitar da akwatin, sai ɗakin ya sha iska sosai a dawo da shi. Turaren wuta ma a yi shi nesa. Ki riƙa duba tururuwa, ragowar abinci ke jawo su, don haka ki kwashe shi kafin dare.

Ɗanki zai so ya riƙa ɗaukarsa. Ki ba shi aikin jiƙo da yanka ciyawa a gabanki, ya fi wasa da shi a hannu, domin faɗuwa ɗaya daga tsayin yaro tana fasa ƙoƙo. Kunkuru kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsa ba tare da ya nuna ciwo ba, ita ce ta sa Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru masu ƙasa da inci 4 tun 1975. Duk wanda ya taɓa shi ko kayansa ya wanke hannu da sabulu, robar jiƙonsa kada ta shiga kicin, yaron da bai kai shekara biyar ba kuma kallo ya ishe shi.

Ki sayi ƙaramin sikelin kicin, ki auna shi duk mako ki rubuta. Nauyi na hawa ko da giram biyu ne, kina kan hanya. Idan bayan mako guda da wannan gyara bai buɗe ido ya koma ci ba, ko kika ga kumfa a hanci, ko yana buɗe baki yana numfashi, ko ƙoƙon ƙirjinsa yana ƙara laushi maimakon tauri, ki kai shi wurin likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba. Ki riƙe sunan magani ɗaya: ibamektin, allurar tsutsa da kaska da ake yi wa awaki da shanu. Guba ce ga kunkuru, tana shanye masa jiki ta kashe shi. Ko wa ya ɗauko ta, ki ce a'a.

Akwai maganar da ba zan ɓoye miki ba. Akwatin nan na shekara ɗaya ne zuwa biyu. Wannan shi ne kunkuru na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Babba yakan kai kilo 45 zuwa 90, ƙoƙonsa ya doshi santimita 80, kuma yana iya haura shekara 70. Ba dabbar gidan bene ba ce. A daji kuma ƙarewa yake yi, saboda kamu da kuma dabbobin kiwo da suka cinye masa ciyawa, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma tun shekarar 2000 yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, CITES, ta hana fitar da wanda aka kamo a daji zuwa ƙasashen waje don kasuwanci. Ina roƙonki, in an sake yi muku tayin wani daga daji kada ku karɓa. Shi kaɗai ma ya fi jin daɗi, ba ya bukatar aboki. Kada kuma ki sake shi a jeji idan ya yi girma, wanda ya tashi a gida yana iya kai wa na daji cuta. Ki fara magana tun yanzu da 'yan'uwa masu gida mai fili, inda akwai ƙasar haƙa, da inuwar bishiya, da katanga mai zurfin tushe, domin yana haƙa ta ƙarƙashin bango ya fice. Lokacin da ƙoƙonsa ya kai tsawon santimita 20 zuwa 25, ya isa ya koma can ya haƙa ramin kansa.